Tambaya ta 14

Baba ne ya fara karanta takardar tambayoyin, tun kafin malamin da ke duba aikina ya sa mata hannu. Saboda Hausar na kai masa. Da Turanci na tsara tambayoyin, na juya su zuwa Hausa da kaina, kuma duk gidanmu babu mai ido a kan rubutu irinsa. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare, goman ƙarshe yana hedimasta, har yau kuma jan biro bai bar aljihun rigarsa ba.

Bayan la'asar ya zauna a kan tabarmarsa ta zaure, ya maƙala tabarau, yana bi layi-layi. Ya sa wa haruffa ƙugiyoyin da na manta, ya soke wata doguwar jimla ya mayar da ita kalma 6. Da ya iso tambaya ta 14 sai biron ya tsaya. Abin da ke rubuce a wurin shi ne: “An taɓa yi maka barazana saboda aikin zaɓe? E ko A'a.”

“Uwata,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa na ci, bai taɓa kiran sunana ba, “wannan ba za ta kamo miki komai ba.”

Na ce ko Hausar ce ba ta zauna ba? Ya ce Hausa lafiyarta ƙalau. Ya miƙo mini takardar, ya jawo buta, magariba ta gabato. Ni kuwa na bar tambayar yadda take. Aro ta na yi daga binciken da ake yi a Amurka, kuma a wautata ta lokacin gani nake abin da farfesoshi suka gwada ya yi aiki, ba tsohon hedimasta ne zai ture shi ba.

A tsakiyar 2023 ne wannan, ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin kimiyyar siyasa, 'yan watanni bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu da na gwamnoni na 18 ga Maris. 'Yan ajinmu kusan kowa ya tafi ga masu zaɓe ko jam'iyyu. Wannan yana kan sayen ƙuri'a, wancan yana kan na'urar BVAS, waccan tana neman dalilin da ya sa cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ni hankalina ya tafi ga mutanen da ke zaune a ɗaya gefen tebur, masu miƙa takardar ƙuri'a, masu ƙirgawa, masu cike fom. Malaman zaɓe. Zagi suna sha, zargi kuwa ba a magana, amma ba kasafai ake zaunar da su a tambaye su yadda ranar ta kasance musu ba.

Ina cikin laluben abin da aka rubuta a kan irinsu na faɗa kan na Amurka. Can babu hukuma guda ta ƙasa mai gudanar da zaɓe kamar INEC a nan. Kowace jiha da dokarta, aikin kansa kuma yana hannun jami'an gundumomi da ƙananan garuruwa, waɗanda ake ƙiyasta yawansu tsakanin 8,000 da 10,000 gwargwadon yadda aka ƙirga. Jihar Wiskonsin kaɗai tana da akawun gari sama da 1,800 masu riƙe da zaɓe, da yawansu ba ma shi ne cikakken aikinsu ba, haɗawa suke yi da wata sana'a. A ɗaya gefen ga gundumar Los Angeles mai masu rajista sama da miliyan 5.

Tun 2018 wata cibiya a Kwalejin Reed da ke jihar Oregon, ƙarƙashin Farfesa Paul Gronke, take aika wa waɗannan jami'ai takardar tambayoyi, in an kwana biyu ta sake aikawa. Daga nan aka tabbatar da abin da ke gaban idon kowa amma ba a ƙirga ba: kusan 8 cikin 10 mata ne, mafi yawansu sun haura shekara 50, kuma fiye da rabinsu zaɓarsu jama'a ke yi kafin su hau kujerar. Sai zaɓen 2020 ya zo, Donald Trump ya ƙi yarda ya faɗi, fushin magoya bayansa ya juya kan waɗannan bayin Allah. A jihar Jojiya wata mata, Ruby Freeman, da 'yarta Shaye Moss, aka yi musu ƙagen maguɗi a wurin ƙirga, har uwar ta bar gidanta saboda tsoro. A Disamba 2023 kotu ta ci Rudy Giuliani, tsohon lauyan Trump, diyyar dala miliyan 148 a kan ƙagen. Cibiyar Brennan ta tambayi jami'an zaɓe a 2021, 1 cikin 3 ya ce ba ya jin yana cikin aminci saboda aikinsa. Ta sake tambaya a 2022, 1 cikin 6 ya ce an yi masa barazana, 1 cikin 5 kuma ya ce da wuya zaɓen 2024 ya same shi a bakin aiki. Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta kafa runduna ta musamman a kan lamarin, wasu jihohi kuma suka yi dokokin kare ma'aikatan zaɓe.

Abin da ya ja ni ke nan. Labarin mutum ɗaya ana iya cewa ƙaddararsa ce, a yi masa jaje a wuce. In aka ce 1 cikin 6, ya zama matsalar ƙasa. Ni ma nawa 1 cikin 6 ɗin nake nema.

Da na juyo gida sai na tarar lissafin ya sha bamban. A nan akwai kwamishinan zaɓe a kowace jiha, da jami'in zaɓe na dindindin a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774. Amma ba su mai ƙuri'a ke gani ba ranar zaɓe. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a 2023, kowace da shugaban rumfa da mataimaka 3. Ka ninka, za ka samu mutum sama da 700,000, ban da masu zagayen duba su da masu tattara sakamako, kuma kusan dukkansu ma'aikatan wucin-gadi ne. Horon 'yan kwanaki, a kwana a cibiyar mazaɓa daren jajibiri, a buɗe rumfa da 8:30 na safe, a rufe layi da 2:30 na rana, a ƙirga a gaban kowa, a cike fom EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonsa da BVAS, a kai wurin tattarawa. Ranar Litinin kowa ya kama gabansa. Akawun Wiskonsin tana da ofis da adireshi, baɗi ma in ka aika takarda za ta same ta. Namu sai ka bi sawu kamar mai neman ɓataccen akuya.

Na fara da ofishin jami'in zaɓe na wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba. Dattijo ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya karanta takardar daga farko har ƙarshe.

“Malama, tambayoyinki sun yi kyau,” ya ce. “Amma ni ma'aikaci ne, kuma ga shari'o'i a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Sai da takarda daga sama.”

“Ranka ya daɗe, ai ba za a sa suna ba.”

Ya yi murmushi. “Mu nawa ne jami'an zaɓe a ƙaramar hukumar nan?”

Shi kaɗai ne. Na tattara takarduna na yi godiya, kuma har yau ban ga laifinsa ba.

Sai na koma kan 'yan wucin-gadi. Na buga kwafi 150. Zaurukan WhatsApp da suka buɗe lokacin horo su suka cece ni, wannan ya haɗa ni da wancan, wancan ya ba ni lambar ƙawarsa. Na yi makonni ina hawa adaidaita-sahu, daga ɗakin malamai na wata makarantar kuɗi zuwa shagon ɗinki, daga kemis zuwa rumfar cajin waya. Mafi yawansu ɗaliban manyan makarantu ne ko waɗanda suka gama bautar ƙasa suna zaman jiran aiki.

Tambayoyin farko ba su ba su wahala ba: shekaru, ilimi, kwana nawa aka yi ana horo, ƙarfe nawa aka buɗe rumfa. Abin da ban shirya masa ba shi ne rubutun gefen takarda. Ban bar musu fili ba, suka ƙirƙiro wa kansu. Wata ta rubuta cewa matan da suka sha lalle da tsofaffin manoma da fartanya ta cinye musu zanen yatsa ba sa tantantuwa da yatsa, gara a tafi kai tsaye ga fuska, a juya mutum ya kalli haske. Wani ya ce duk wanda zai yi wannan aiki ya tafi da tocila, don ƙuri'a kala 3 ce ranar zaɓen shugaban ƙasa, kafin a gama ƙirga duhu ya yi. Wani ya ce a koya wa mutane naɗe takarda a tsaye bayan dangwale, in ba haka ba ɗanyen tawada ya taɓa gidan wata jam'iyya, a yi ta rigima a kan ƙuri'a ɗaya. Wata kuma lissafi kawai ta yi mini na yadda ta kai kanta wurin horo a watan da takardar naira ta yi ɓatan dabo saboda canjin kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wannan sani yana warwatse a kawunan mutum dubbai, kuma zaɓe mai zuwa sababbi za a ɗauko su fara daga farko.

Amma tambaya ta 14, A'a. A'a. A'a. Da daddare in na zauna shigar da amsoshi a kwamfuta, E lamba 1 ce, A'a lamba 2, sai in ga layin ya miƙe da 2 kamar jerin agwagi. Zan faɗi abin da ban faɗa a kundin ba: haushi na ji. Wani sashe na zuciyata so yake a ce an tsorata mutanen nan, don babi na 4 ya yi armashi. Allah ya yafe mini. Har na fara tsara jimlar a kaina, cewa bincike ya nuna ma'aikatan zaɓe a wannan yanki ba su fuskanci matsin lamba sosai ba.

Wani yaro mai rumfar cajin waya ne ya rushe mini jimlar. Shi ya riƙe BVAS a wata rumfa cikin unguwarsu. Ya cike takardar tsaf, ya zagaye A'a a ta 14, ya ninke ya ba ni, na jefa a jaka. Ya ce ba zan tafi ba sai na sha lemo. Muna zaune, ba takarda ba biro, sai ya ce, “Anti, kin san abin da ya cece ni ranar nan? Na'urar nan.”

Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa ciki ɗaya, jigo ne na wata jam'iyya a mazaɓar. Da asubar ranar zaɓe mahaifiyarsa ta kira shi a waya, ta yi masa addu'a, sannan ta ce kawunsa yana gaishe shi, ya ce ya ji shi ne a kan na'ura. Iyakar saƙon ke nan. Wajen azahar sai ga wasu samari sun shigo layi da katunan da shi ya san ba nasu ba ne, don masu katunan ya san su, wasu suna Legas wurin neman kuɗi, ɗaya ma ya rasu. Ya karɓi katin farko, ya ɗora yatsan yaron, ta ƙi. Ya ɗauki fuska, ta ƙi. Ya juya allon ya nuna wa wakilin jam'iyyar, ya ce duba da kanka, ba ni ba ne. Ya ce a ransa hamdala yake ta yi, domin da littafin rajista kaɗai ne a gabansa kamar da, bai san da bakin da zai ce a'a ba. Duk da haka, daga ranar har zuwa lokacin da muke shan lemon, in ya gaida kawun sai dai ya ɗaga masa hannu.

Na ce, “To me ya sa ka zagaye A'a?”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “Haba Anti, barazana kuma? Kawuna ne fa.”

Daga ranar na canza salo. In mutum ya gama cikewa, sai in sa takardar a jaka a gabansa, in ja zif, in ci gaba da zama. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Wata malama mai gidan hayarsu ne ya aiko mata da buhun shinkafa ana saura kwana 3, shi da bai taɓa ba ta ko goro ba. Wani limamin unguwarsu ne ya tsayar da shi bayan isha'i, ya tuna masa wanda ya gina musu masallaci. Wani surukinsa ne ya zo da kansa ya tsaya a bakin rumfa tun safe har yamma, bai ce uffan ba. Duk A'a suka zagaye, kuma babu wanda ya yi mini ƙarya.

Waɗanda suka ce E ba tare da jinkiri ba, ta waya na same su. 'Yan bautar ƙasa ne da suka shugabanci rumfuna, sun gama hidimarsu sun koma garuruwansu. Wata daga kudu ta amsa mini da Turanci tun ban rufe baki ba, ta ce an kewaye ta bayan magariba, ana buga tebur, ana magana da harshen da ba ta ji, wata tsohuwa ce ta ja ta zuwa cikin gidanta har jami'an tsaro suka iso. Su kaɗan na samu, don yawancinsu lambobinsu sun daina shiga. Ashe tun daga wurin zaɓen waɗanda zan tambaya na karkace: 'yan gari na samu, baƙi sun tafi.

A nan na fara fahimtar abin da Baba ya hango. Tun zaɓen 2011, zamanin Farfesa Attahiru Jega, 'yan bautar ƙasa suka zama ƙashin bayan aikin rumfa, malaman jami'a kuma suka karɓi tattara sakamako. Hikimar a fili take: baƙo ba shi da kawu a garin, ba a gina wa babansa masallaci ba. Sai dai wanda ba shi da kawun da zai matsa masa, ba shi kuma da kawun da zai tsaya masa. A rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilu 2011, 'yan bautar ƙasa 10 aka kashe a jihar Bauchi. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Shi baƙo da tsawa ake zuwar masa, kuma ya san sunan abin da aka yi masa. Ɗan gari da sallama ake zuwar masa, a tambayi lafiyar iyali, a tafi. Tambayar da na aro an ɗinka ta ne daidai jikin akawun da baƙuwar murya ke kira a waya tana zaginta, ko a turo mata saƙo daga wata jiha. Ta yi daidai da 'yar bautar ƙasar nan. Yaron rumfar caji kuwa ko wuyansa ba ta shiga ba.

Ita ma doka tsawar ta fi sani. A 2019 baturen zaɓen kujerar sanata ta Imo ta Yamma ya faɗa a bainar jama'a cewa tilasta masa aka yi ya bayyana sakamako. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 65, ta ba hukumar zaɓe kwana 7 ta sake duba duk sakamakon da aka bayyana ba da son ran jami'i ba. Gyara ne mai kyau. Amma wa zai je gaban hukuma ya ce nauyin surukina na ji?

Wata Juma'a da yamma na koma zauren Baba da jakar takarduna. Bai tambaye ni karatu ba, ya ce, “Ta kamo?”

“Ba ta kamo ba, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Na ba shi labarin yaron da na'urarsa, ya yi dariya har da tari, ya ce yaro ya yi sa'a, su a zamaninsu ba su da abin da za su laɓe a bayansa.

Na san Baba ya yi aikin zaɓe, kamar kusan kowane malamin firamare na lokacinsa. Ya sha ba mu labarin ƙato-bayan-ƙato na zamanin Babangida, yadda ake jeruwa a bayan hoton ɗan takara, shi kuma ya bi layi yana taɓa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya yi na 12 ga Yuni 1993, wanda Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, aka kuma soke shi bayan kwana 11. Ya yi na 1999, ya yi na 2003. Na 2007 ne bai taɓa ba mu labarinsa ba, ni kuma ban taɓa lura da giɓin ba sai ranar.

Ya ce, “Kina tuna haihuwar Auta?”

Ina tunawa. Shekarata 10. Haihuwar ta zo da gardama, aka ce sai an yi wa Inna aiki cikin dare, ga wata ya yi nisa, babu ko sisi a gidan. Wani Alhaji na unguwarmu ne ya zo da motarsa, ya kai ta asibiti, ya biya komai. Da Baba ya haɗa kuɗin bayan watanni ya kai masa, ya ƙi karɓa, har ya nuna ɓacin rai. Mun taso muna jin sunansa a cikin addu'ar Inna.

Bayan shekara 2, a ɗaya daga cikin Asabar biyun nan na Afrilu 2007, Baba ne shugaban rumfar da ke makarantarsa. Daren jajibiri Alhaji ya yi sallama, ya zauna a kan wannan tabarma da nake kai. Ya tambayi jikin Inna. Ya sa aka ɗauko masa Auta, ya ɗora shi a cinya, ya ce kai, yaro ya girma. Da zai tafi, yana saka takalmi, ya ce, “Ashe Malam gobe kai ne da akwatinmu. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.”

“Wallahi, Uwata, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba.”

Washegari ba a fara zaɓe da wuri ba, mutane da yawa sun gaji sun koma gida, waɗanda suka kaɗa ba su taka kara sun karya ba. Takardun ƙuri'a suka yi saura, dami guda. Wajen la'asar sai ga yaran Alhaji su 4, suka gaida Baba da ladabi, har da durƙusawa, biyu daga cikinsu ma shi ya koya musu karatu. Suka tsaya kusa da tebur. Ɗan sandan da ke wurin ya tafi neman abinci. Baba ya dubi damin takardun, ya dubi yaran, ya ce shi zai je ya yi salla.

“Ban taɓa yin la'asar mai tsawon wannan ba. Na idar, na zauna ina jan carbi, ina jin ƙarar benci a ajin da ke kusa. Da na dawo, dami ya ƙare. Na juye akwati, na ƙirga abin da na tarar a ciki ɗaya bayan ɗaya, na rubuta, na sa hannu. Ban ƙara ko ɗaya da birona ba. Da wannan na yi shekara 16 ina lallashin kaina.”

Ban san abin da zan ce ba. Wannan mutumin ne ya taɓa mayar da ni shago da dare saboda an yi mini rarar canjin naira 20. Zaɓen 2007 kuwa ba sirri ba ne, wanda ya ci shi ma, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa a jawabin rantsuwarsa cewa akwai kurakurai, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara. Na karanta wannan duka don jarrabawa, na rubuta shi a babi na 2 da kalmomi irin su aringizon ƙuri'u, ban taɓa kawowa a raina cewa aringizon yana da tabarma a zaurenmu ba. Kuma da wane baki zan yi hukunci? Inna tana cikin gida tana tankaɗe, ina jin motsinta. Auta yana jami'a. Ni ma a cikin alherin nan na girma.

“Ana cewa alheri danƙo ne,” in ji Baba. “Gaskiya ne. Ni dai ya kama ni. Da da wuƙa ya zo, da na fi samun sauƙi, ko ba komai na san abin da zan faɗa gaban Ubangiji. To yanzu in kin ba ni takardarki, me zan zagaye? Ba wanda ya yi mini barazana.”

Bai sake karɓar aikin zaɓe ba daga shekarar. Alhaji ya rasu da daɗewa, Baba yana sahun gaba a jana'izarsa, kuma har gobe in an ambace shi sai ya ce Allah ya jiƙansa, da zuciya ɗaya. Da na nemi izninsa in rubuta wannan, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce in rubuta, amma kada in kama sunan mamaci, kada kuma in gyara shi Baban ya fi yadda yake kyau.

A kundin ban iya canza komai ba. Takarda ta riga ta fita, amsoshi sun dawo, ba a sauya tambaya a tsakiyar bincike. Na ba da rahoton tambaya ta 14 yadda ta zo, da jerin agwaginta, sannan na ƙara shafi 2 ina bayanin dalilin da ya sa bai kamata a yarda da ita ba. Malamina ya karanta, ya ce wannan shafi 2 ɗin su ne aikin, sauran duk share fage ne, amma a haka za a kare shi. Aka kare, aka ba ni shaidata.

Ban yanke ƙauna daga ƙirga ba. Har yanzu ina ganin da za a riƙa bin malaman zaɓe da takarda bayan kowane zaɓe, tun kafin su watse, baƙi da 'yan gari, a kuma maimaita shekara bayan shekara yadda na Oregon suke yi, da an san abubuwan da yanzu sai dai a yi ta musu a kansu a rediyo. Saboda haka na zauna na sake rubuta ta 14, ko da wani zai buƙace ta, ko ni in Allah ya kai ni digiri na uku. Na yi ta juya ta har ta zama: “A makon zaɓe, akwai wani da kake jin nauyinsa da ya ziyarce ka ko ya kira ka a waya, alhali bai saba ba?”

Na kai wa Baba. Ya maƙala tabarau, ya karanta sau biyu, leɓensa yana motsi. Ya zaro jan biron, ya yi 'yar alama bayan kalmar waya, ya rubuta a sama da ƙananan haruffa: “ko ya aiko a gaishe ka.” Ya ɗan yi tunani, ya soke “alhali bai saba ba.”

“Wani ya saba,” ya ce, ya miƙo mini.